Ƙaiƙayin Mace Mai Ciki: Wanne Ne Na Gida, Wanne Ne Na Asibiti?

Kaka ta yi. A kowane gida ana sussuka, ana sheƙa, ƙaiƙayin gero da na dawa kuwa yana tashi yana bin wuya da hannuwa. Saboda haka idan mace mai ciki ta ce jikinta yana ƙaiƙayi, ba wanda zai waiwaya. Mai gida zai ce ta je ta yi wanka. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma akwai wani ƙaiƙayi da wanka ba ya taɓa shi, shi ne dalilin wannan rubutu.

Mu fara da masu sauƙi. Yayin da ciki yake girma, fatar ciki da ta nono suna miƙewa, sai su yi ta ƙaiƙayi. Iskar hunturu tana ƙara busar da fata, zafin bazara kuma yana kawo ƙananan ƙuraje. Maganin waɗannan yana cikin gida. Ta yi wanka da ruwan da ba shi da zafi sosai, ta bar sabulu mai soda, ta shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Ta ɗaura zanen auduga sako-sako, ta yanke farce. Man nan na canza launin fata da ake sayarwa a kasuwa, ta bar shi sam. Ku maza kuma, rigar da kuka yi feshin gona da ita, ku wanke abinku da kanku.

Idan ƙaiƙayin yana tsakanin yatsu da wuyan hannu da kwankwaso, ga ƙuraje, yara ma suna susa, to ƙazwa ce. Akwai man shafawa da ya dace da mai ciki a asibiti, amma tilas ne dukan gida su shafa rana ɗaya, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya shimfiɗa a rana. Ƙaiƙayin gaba mai zuwa da farin ruwa mai kauri, wanda mata suke kira sanyi, shi ma yana da magani. Kada kunya ta hana faɗa wa ungozoma. Masu noma a bakin manyan rafuka kuma sun san ƙaiƙayin cutar makanta da ɗan baƙin ƙuda yake kawowa. Ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta dominta, ba a ba mai ciki. In masu rabo sun zo, ta faɗa musu tana da ciki, ko da bai fito ba tukuna.

Yanzu ga wanda ya fi damunmu. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san matsarmama, 'yar jakar nan mai ruwan ɗaci da take manne da hanta. Hanta ce take yin ruwan, yana gangarawa hanji domin narkar da mai. A jikin waɗansu mata, ciki yakan sa ruwan nan ya daina gangarawa yadda ya kamata, sai ya taru cikin jini. Shi ne yake sa ƙaiƙayi. A Ingila, wajen mace 1 cikin masu ciki 140 ne take samunsa. Yakan bi dangi, ya fi kuma samun mai cikin tagwaye.

Ku lura da alamunsa da kyau. Yakan fara bayan wata shida, watau daga wajen mako 28. Ya fi tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, kāna ya bazu. Da dare yake tashi, har ya hana barci. In an duba fata ba a ganin ƙurji ko ɗaya, sai dai sawun farce. Wannan ne yake ruɗin mutane, gama sukan ce ai ba kome a jikinta. Wani lokaci fitsari yakan yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ko ido ya yi rawaya irin na shawara, amma yawancin mata ba su kai nan ba. Kada a jira ido ya canza.

Uwar tana wahala, amma ɗan da yake ciki ne yake cikin hatsari. Yana iya zuwa bakwaini, yana iya yin kashi tun yana ciki, yana iya mutuwa farat ɗaya a makonnin ƙarshe. Wani babban bincike da aka buga a 2019 ya nuna hatsarin mutuwar ya fi yawa in awon ɗacin cikin jini ya kai 100. Ba a gane wannan da ido, sai an ɗebi jini. In ƙaramin asibitinku ba ya yin awon, ku roƙi takarda zuwa babban asibiti. Likita zai iya ba da abin rage ƙaiƙayi, ya riƙa maimaita awo, in ya yi yawa kuwa ya sa a tayar da naƙuda tun wajen mako 36. Jiƙon saiwa da ake ba masu shawara ba ya fitar da ɗacin nan, yana ma iya ƙara wa hanta aiki. In motsin ɗa ya ragu, a kama hanya ran nan, ko da tsakar dare ne.

Bayan haihuwa ƙaiƙayin yakan tafi cikin 'yan kwanaki ko makonni. Amma sau da yawa yakan dawo a ciki na gaba, don haka ta faɗa tun ranar awo na fari.

Mun sani kuɗin mota ne yakan tsayar da mutane, ba taurin kai ba. Ƙungiyoyinmu suna da asusun taki da na iri. A ganinmu ya kamata a taron wata mai zuwa a ware wani abu daga hatsin bana domin kai masu ciki asibiti, a kuma rubuta sunan mai mota ko mai babur da za a iya tashinsa da dare. Shugabar zumuntar mata ta riƙe sunayen waɗanda cikinsu ya wuce wata shida, ta riƙa tambayarsu ko suna samun barci.