Zafin Fitsari a Kwanakin Al'ada

Uwargida, jinin haila ba cuta ba ne. In kina jin raɗaɗi wajen fitsari a kwanakin al'ada, to, akwai dalili. Ga manyan dalilan.

Na ɗaya, ƙwayoyin cuta na cikin bayan gida. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, ba ta kai inci 2 ba, ga ta kuma kusa da dubura. Ƙunzugun da ya jiƙe ya daɗe a jiki yana taimakonsu su hau zuwa mafitsara. Alamarsu ciwon mara, da fitsari kaɗan kaɗan a kai a kai.

Na biyu, ciwon sanyi, wanda ake ɗauka wajen saduwa. Shi wannan sai an yi wa maigida da matansa duka magani tare, in ba haka ba ya komo. In aka ƙyale shi yakan hana haihuwa.

Na uku, tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga dodon koɗi na cikin ruwa, ta huda fata ta shiga jiki. Masu wanki a Kogin Kaduna da rafuka, ku lura. Jininta yakan biyo ƙarshen fitsari, mace ta zaci na haila ne. Maganinta praziquantel.

Na huɗu ba shi da yawa. Irin naman da ke cikin mahaifa yakan tsiro a jikin mafitsara, ciwon ya riƙa dawowa kowane wata tare da jini.

To, ga abin yi. Ki sake ƙunzugu bayan awa 4 zuwa 6. In tsumma ne, ki wanke da sabulu, ki shanya a rana ya bushe sarai. Wajen tsarki ki fara daga gaba zuwa baya. Ki sha ruwa mai tsabta da yawa, kada ki riƙe fitsari. Kada ki cusa kanwa ko wani magani a gabanki.

In zafin ya wuce kwana 2, ki kai fitsari a auna a ƙaramin asibiti na kusa, ko Asibitin Kawo, ko na Barau Dikko. In akwai zazzaɓi, da amai, da ciwon kwiɓi, cutar ta kai ƙoda ke nan, kada ki kwana. Maganin da aka ba ki, ki shanye duka ko kin ji sauƙi.

Maigida, kunya kan hana mace faɗi. Ka tambaye ta, ka kai ta da wuri.