Cire tsohon fenti bisa farin ƙarfen mota: aikin haƙuri ne

Motoci irin su Peugeot 404 da 504 sun daɗe suna jigilar mutane da kaya bisa hanyoyin Yamai, Tawa, Maradi da Damagaram. An fara ƙera 404 a ƙasar Faransa cikin shekara ta 1960, ita kuwa 504 cikin 1968. Waɗanda suka rage a raye an sake musu fenti sau da dama, kuma galibi mai fenti ba ya rufe ƙarafunan ado kafin ya fesa. Shi ya sa ake ganin hannun ƙofa, da zoben fitila, da ƙarfen gaba wanda makanikai ke kira parshok, duk fenti ya rufe musu haske.

Wannan farin ƙarfe mai ƙyalli sunansa kurom. Wani masani Bafaranshe, Louis-Nicolas Vauquelin, shi ya gano shi cikin 1797, kuma maƙeran motoci sun shiga yin ado da shi a ƙarshen shekarun 1920. Da wutar lantarki ake lulluɓa shi: galibi a fara shimfiɗa jan ƙarfe, a bi shi da nikel, sannan kurom ya zo daga sama. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na milimita ba. Silin gashin mutum ya fi shi kauri fiye da sau 100. To, nan wuyar aikin take. Fenti in ya lalace ana sake wani cikin yini guda. Kurom kuwa in ya kankare, tsatsa za ta shiga, kuma sai masana'anta ke iya maido shi. Tun daga 2017 ma, a Tarayyar Turai sai da izini ake aiki da babban sinadarin shafa shi, saboda yana haddasa ciwon daji.

Don haka ƙa'idar aikin ita ce a fara da mai sauƙi kafin a kai ga mai ƙarfi. Da farko a kwance ƙarfen daga jikin motar, don kada magani ya ɗiga bisa fentin da ake so. A wanke shi da ruwa da sabulu, domin ƙurar hunturu da ta maƙale tana karce shi in an goga a bushe. Sannan a jiƙa tsumma mai laushi da ruwan da ake tsinka fenti da shi, ko asetan, a ɗora bisa wurin, a rufe da leda. A inuwa ake aikin, da safe ko da marece, don cikin zafin rana maganin yana bushewa kafin ya ratsa fentin. In fenti ya yi laushi, a ture shi da ɗan icce ko roba mai faɗi. Wanda ya ƙi fita a sake jiƙa shi. Daga ƙarshe a wanke, a tsane, a shafa kakin goge mota.

Ba duk farin ƙarfe ne kurom ba, saboda haka a gwada maganin a wani lungu da ba a gani. Parshok ɗin 404 da ƙarfe marar tsatsa aka yi shi, ciki da waje duk ɗaya, yana jure guga. Amma akwai kayan ado na alminiyom ko na tutiya, waɗanda sodar yin sabulu take cinyewa. Akwai kuma na roba da aka shafa wa kurom, asetan na narka su.

Abubuwa uku ne ba a kusantar kurom da su: takardar gurza ƙarfe, da wuƙa ko reza, da asid ɗin wanke masai, wanda ke narkar da shi cikin ɗan lokaci.

Sai batun lafiyar ma'aikaci, musamman yara masu koyon sana'a da ake bar wa irin wannan aiki. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma ƙurarta guba ce. Wasu magungunan cire fenti masu ƙarfi suna da sinadarin dikulorometan, wanda tururinsa ke kisa a rufaffen ɗaki. Amurka ta hana sayar wa jama'a irinsu cikin 2019. A sa safar hannu da tabarau, a yi aiki a fili, nesa da wuta da taba, kuma kada a zuba ragowar magani kusa da rijiya.

Mai gareji da ya yi gaggawa zai gama da wuri, amma ya ɓata abin da ya yi shekara 50 yana ƙyalli. Wanda ya bi a hankali ya tsare darajar motar da lafiyar yaransa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.