Ƙugiya ɗaya na iya sauya labari: Abin da ya sa ƙa'idojin rubutu ke da muhimmanci ga marubutan fim

Shekara 35 bayan fitowar Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, fina-finan Hausa sun tashi daga kaset sun koma tauraron ɗan'adam da wayar hannu. Wasan da aka ɗauka a Kano yau, gobe matasa na kallon sa a Gidan Sori da ke gundumar Gidan Rumji a jihar Maraɗi, kamar yadda 'yan ci-rani ke kallon sa a Legas, Agadas ko Jidda.

Sai dai kafin a kunna kyamara, takarda ce ke fara ɗaukar labarin. Darakta da furodusa da jarumai da mai tace hoto duk da rubutun suke aiki. Idan an yi tuntuɓe a takardar, kuskuren kan bi fim ɗin har gaban mai kallo.

Tsakanin ƙarya da karya

Matsala ta farko ita ce ta haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Marubuta da dama na rubutu ne a waya, inda suka saba barin ƙugiyar kamar yadda ake yi a WhatsApp da Facebook. A hirar abokai ba laifi, amma a rubutun fim abin na da tsada.

A ɗauki fitowar da miji ke musanta zargin da aka kawo masa a kan matarsa. Marubuci na nufin ya ce "Ƙarya ce!" Idan ƙugiyar ta faɗi, abin da ke takardar shi ne "Karya ce!", wanda zagi ne mai muni. Gogaggen jarumi zai gane daga yanayin labarin, amma mai fassara zuwa Ingilishi ko Faransanci, wanda sau da yawa layi-layi yake bi, na iya ɗaukar ma'ana ta biyu.

Haka "baki" yake. Yana iya zama bakin magana, ko "baƙi" na launi, ko "baƙi" masu ziyara. "Bari" daban, "ɓari" daban, kuma a labarin da ya shafi mai juna biyu bambancin ba ƙarami ba ne.

Raba kalma da haɗe ta

Matsala ta biyu ta fi yawa, ita ce ta rabawa da haɗewa. Wanda ya rubuta "ya bata" ya bar mai karatu da zaɓi biyu: ko dai "ya ɓata", ko kuma "ya ba ta". "Ta fi" yabo ne, "tafi" kuwa kora ce. "Ya yi" aiki ne da aka kammala, "yayi" kuma abin da ake tashe ne. A ƙa'ida, wakilin suna irin su ya, ta, mun da sun ba ya mannewa da aikatau.

Akwai kuma abin da rubutun boko ba ya nunawa sam: karin sauti da tsawon wasali. Jimlar "Ka sake ta" na iya zama umarnin uwa ga ɗanta, ko labarin sakin da ya riga ya auku, ko tambayar mai mamaki. Baki na bambance ukun, takarda ba ta yi. Nan ne aya da alamar tambaya da alamar motsin rai ke shigowa, tare da ɗan bayani cikin baka biyu kan yadda jarumi zai furta maganar. A masana'antar da yawancin labaranta ke zagaye da aure da saki, wannan jimla ɗaya na iya juya fitowa gaba ɗaya.

Waƙafi ma na da nasa aikin. "Kira Hajiya" na nufin a nemo ta, "Kira, Hajiya" kuwa ita ake umarta. Ga jarumi, waƙafi wurin numfashi ne, aya kuma wurin tsayawa.

Kuskuren da ke cin kuɗi

A tsarin rubutun fim na duniya, ana lissafin shafi ɗaya a matsayin kusan minti ɗaya na kallo. Daga rubutun ne furodusa ke fitar da yawan ranakun ɗauka da wurare da jarumai da kayan sawa. Rubutun da ba a raba bayanin fitowa da maganar jarumi ba, ko wanda sunan mutum ɗaya ya zo da siga biyu, na rikita wannan lissafi. Duk lokacin da aka tsaya ana gardamar abin da marubuci ke nufi, kuɗin hayar kyamara da man janareto na tafiya, rana kuma na faɗuwa.

Buƙatar ta ƙaru ne da zuwan fina-finai masu dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka ja miliyoyin masu kallo. Labarin da zai shafe shekaru ba ya yiwuwa da tsohon salon nan na faɗa wa jarumi abin da zai faru a bar shi ya ƙirƙiri magana. Dole sai da rubutaccen zance da kowa zai karanta ya fahimci abu guda.

Ƙa'idojin ba sababbi ba ne

Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa dokokin rubutun Hausa a 1912. Haruffa masu ƙugiya sun samu gindin zama a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 kuma ta yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako ƙarƙashin UNESCO a 1966, sannan masana daga Nijar da Najeriya suka zauna a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun ƙasashen biyu. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa.

Har yanzu akwai ɗan bambanci. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y, kamar a "ƴaƴa" da "'ya'ya". Kowanne daidai ne, muddin marubuci ya riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe.

Masana'antar ma da marubuta ta taso. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu littattafai ne kafin su zama fim.

Karin harshe ba kuskure ba ne

Bin ƙa'ida ba ya nufin kowa ya yi Kananci. Mutumin Gidan Sori ko Tsibiri ko Gazawa kan ce "tahi" da "hwari" da "biyat" da "ɗiya". Idan labari ya ƙunshi Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi, daidai ne a rubuta maganarsa yadda yake furta ta, bayanin fitowa kuma ya zauna a daidaitacciyar Hausa. Sharaɗin shi ne dawwama: jarumin da ya ce "tahi" a kashi na 1 kada ya wayi gari yana cewa "tafi" a kashi na 5 ba tare da dalili ba. Masu kallo a Maraɗi na gane Gobiranci na gaskiya da na kwaikwayo, kuma sun san lokacin da aka mayar da harshensu abin dariya.

Batun ya ƙara nauyi a Nijar tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin da hukumomin mulkin soja suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yawancin matasan da suka yi boko a can da Faransanci suka koyi rubutu, shi ya sa ake ganin "tch" a madadin "c" da "ou" a madadin "u". Matashin Maraɗi da ke son aika rubutunsa ga furodusa a Kano sai ya fara gyara wannan.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Manhajar Gboard na da madannan Hausa masu ƙugiya kyauta. Karanta zance da babbar murya na fito da wurin da waƙafi ya ɓace, ba wa wani ya duba kuma na kama abin da idon marubuci ya tsallake. Furodusan da ke da tarin rubutu a gabansa kan yanke hukunci tun daga shafukan farko, kuma ba kowa ke da haƙurin tono labari mai kyau daga cikin kurakurai ba.