Ujamaa: Ranar da Gayya Ta Zama Dokar Gwamnati

Lokacin da ƙasashen Afirka suka fara karɓar 'yancin kai, masanan Turai da Amurka sun zo musu da ma'aunin ci gaba guda: yawan jari, yawan masana'antu, da yawan abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Julius Nyerere, tsohon malamin makaranta da ya jagoranci Tanganyika zuwa 'yanci a 1961, bai gamsu da wannan awo ba. A ganinsa, mutum shi ne maƙasudin ci gaba, dukiya kuwa hidima take yi masa.

Ya kira tunaninsa Ujamaa, kalmar Suwahili mai nufin zaman dangi. Ya ɗora shi a kan ginshiƙai uku da ya ce iyalin Afirka na gargajiya ya tsayu a kansu: mutunta juna, tarayya a muhimman abubuwa irin su ƙasar noma, da wajabcin aiki a kan kowa. Bahaushen da ya san gandu da gayya ba zai ji wannan baƙon zance ba.

A Fabrairun 1967 Sanarwar Arusha ta mai da wannan tunani manufar Tanzaniya, ƙasar da Tanganyika ta zama. Bankuna suka koma hannun gwamnati, aka hana shugabanni gidajen haya da hannun jari a kamfanoni, aka ɗaukaka dogaro da kai sama da tallafin waje. Da farko manoma da kansu suke shiga ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan noman tarayya. Daga 1973 abin ya zama dole, aka tashi miliyoyin mutane daga gonakin kakanninsu.

An ci riba a ilimi da lafiya: makarantun firamare da yaƙi da jahilci sun kai lunguna, ɗakunan shan magani suka yawaita. Noma kuwa ya ja baya, ga fari, ga tsadar man fetur, ga yaƙi da Idi Amin na Yuganda a 1978 zuwa 1979. Nyerere ya sauka a 1985, shekara guda bayan haka magajinsa Ali Hassan Mwinyi ya rungumi sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Abin lura shi ne, gayya tana tafiya ne domin maƙwabci ya san gobe za a zo tasa gonar, kuma kunya tana hana shi zama. Da aka maye gurbin wannan amana da umarnin jami'in gwamnati, sai manomi ya fito da fartanya ya bar zuciyarsa a tsohuwar gonarsa.