Izini da Kulle: Tsare Fayilolin Ajami a Manhajar Kwaikwayon Kwamfuta

Gabatarwa

Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, tana cikin wuraren da manazarci ke samun ƙananan littattafan Ajami a rumfunan 'yan littattafai. Bayan ɗaukar hotonsu, aikin juya su zuwa boko kan dogara wani lokaci ga tsohuwar manhajar da sabuwar kwamfuta ba ta karɓa. Mafita ita ce manhajar kwaikwayo, kamar VirtualBox ko VMware ko QEMU, wadda ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta, ta tattara faifanta a fayil guda. Wannan maƙala ta bayyana matakai biyu na tsare wannan fayil.

Izini da Kulle

Izini shi ke fayyace wanda ya cancanci taɓa fayil. A tsarin Linux, karantawa na da lamba 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Saboda haka 444 na nufin kowa ya karanta, kada kowa ya rubuta. Kulle kuwa yana nuna wanda ke aiki da fayil a wannan zaman. Wa da ƙane na iya riƙe makullin rumfa ɗaya, amma idan suka rubuta a littafin bashi lokaci guda, lissafi ya rikice. Makullin shi ne izini; sakatar da na ciki ya sa ita ce kulle.

Yadda Suke Haɗuwa

A VirtualBox, nau'in faifai ke tantance kulle. Faifai na yau da kullum kwamfuta ɗaya tak ke kunna shi a lokaci guda. Faifai mara sauyawa kuwa da yawa na iya kunna shi, domin rubutu na tafiya wani fayil na gefe da ake zubarwa a kunnawa ta gaba. Wanda ya ajiye juyinsa a nan ya yi asarar aikin yini. QEMU, tun fitowar 2.10 ta shekarar 2017, tana ƙin buɗe faifan da wani ke rubutu a kansa. VMware kuma tana ajiye fayil ɗin kulle, wanda kan saura idan an ɗauke wuta. Ba a goge shi sai an tabbatar babu zaman da ke gudana.

Kammalawa

Hotunan asali su zauna da izinin karantawa kaɗai, juyi kuma a faifai na yau da kullum, tare da kwafi a waje. Littafin da aka samu a Kurmi bana, ba lalle a sake samunsa baɗi ba.