Yaya Gwamnati Ke Sanin Abin da Sabuwar Doka Za Ta Ci?

Wani mai sauraronmu, manomin rani a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ya aiko da takarda yana tambaya: idan za a kafa doka, kamar ta ƙarin albashi, ta yaya gwamnati ke sanin kuɗin da za ta ci tun ba a fara aiki da ita ba?

To malam, gaskiyar magana ita ce ƙiyasi ake yi, irin wanda kake yi kafin ka ɗauki 'yan ƙwadago. Bari mu ɗauki dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024, wadda ta ɗaga shi daga Naira 30,000 zuwa 70,000.

Da farko ma'aikatan kuɗi da na kasafi kan ɗauko jerin masu karɓar albashi, su ninka yawansu da ƙarin da za a yi. A misali, ma'aikata 1,000 da ƙarin Naira 40,000 kowanne, miliyan 40 ke nan a wata, miliyan 480 a shekara. Wannan ko ɗan makaranta zai yi shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, in ka ƙara wa masinja, akawun da ke samansa ba zai yarda a yi kunnen doki da shi ba, dole shi ma a taɓa nasa, har zuwa manyan sakatarori. Ga kuma fansho da alawus-alawus da ke bin albashi. Nan ne lissafi kan kumbura.

Sai kuma a duba aljihu. Galibin kuɗin jihohi da ƙananan hukumomi irin Bagwai daga rabon asusun tarayya yake zuwa, shi kuwa ya dogara sosai kan man fetur. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta wa gwamnatin tarayya tsara hasashen shekaru uku. A kasafin 2024 an ɗora lissafi kan Dala 77.96 kowace ganga, da haƙo ganga miliyan 1.78 a kullum. In farashi ya faɗi ko haƙo ya gaza, lissafi ya tashi, kamar ka ci bashin taki da sa ran tumatir zai yi tsada, kasuwa ta karye.

Shi ya sa aka sha ja-in-ja. 'Yan ƙwadago sun fara da neman Naira 615,000, gwamnoni suka ce ko 60,000 ba za su iya ba. A watan Yulin da aka tsaya a 70,000, sai da Shugaba Tinubu ya nemi Majalisa ta ƙara Naira tiriliyan 6.2 a kasafin shekarar, tiriliyan 3 daga ciki don ayyukan yau da kullum, har da sabon albashin. Kano kuma ta sanya nata a 71,000.

Akwai abin da takarda ba ta cika kamawa ba, wato yadda kasuwa za ta amsa. Dattawa na tuna ƙarin Udoji na 1974 zamanin Janar Gowon, da aka biya mutane har da ariyas, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Kai da ba ka karɓar albashi, malam, abin ya shafe ka, domin tukunyar da ake ɗibar albashi ita ce dai ake ɗibar kuɗin taki da na gyaran hanyoyin ruwan Watari.