Yadda ƙasa da yanayi ke yanke wa inabi daraja a kwarin Douro

A arewacin ƙasar Fotugal, cikin kwarin kogin Douro, manoma biyu kan dasa inabi iri ɗaya a jikin tsauni ɗaya, su yi masa hidima iri ɗaya, amma idan kaka ta yi, abin da ke shiga aljihunsu ya sha bamban. Dalili kuwa shi ne kowace gona a yankin tana da maki a rubuce a kundin hukuma, kuma makin ya dogara ne a kan irin ƙasar gonar, da tsayin wurin da take, da sashen da ta fuskanta. Giyar da ake yi da wannan inabi haramun ce ga Musulmi, sai dai tsarin da aka gina a kanta abin nazari ne ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, domin ya nuna yadda wata al'umma ta auna halin ƙasarta, ta mayar da shi doka, doka kuma ta zama kuɗi.

Dutsen da aka mayar gona

Kogin Douro ya taso ne daga Sifaniya, ya ratsa Fotugal, ya faɗa Tekun Atlantika a birnin Porto. Gonakin inabin suna can cikin ƙasa, a gangaren tsaunukan da suka sa kogin a tsakiya. Akasarin wurin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, wanda mutanen ƙasar ke kira xisto. Ƙasar noma a samansa ba ta taka kara ta karya ba. Da hannu aka farfasa dutsen tsawon ɗaruruwan shekaru, aka gina katangu, aka yanka gangaren hawa-hawa kamar matakala don kada ruwa ya kwashe ɗan abin da aka samu. Wannan aiki ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Amfanin dutsen yana cikin yadda ya tsage. A wurare da dama fallayensa a tsaye suke, saboda haka ruwan hunturu kan zurara ta tsagar ya kwanta a ƙasa, saiwar inabi kuma ta bi sawunsa har mitoci da yawa. Idan bazara ta zo, saman ƙasa ya bushe ƙayau, kurangar na ci gaba da tsotsar ɗan laimar da ke can ƙasa. Ruwan yakan ishe ta rayuwa, amma bai kai ta sake jiki ba. Kurangar da ke cikin irin wannan matsi takan rage yawan ganye, ta yi 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo. A cikin ɓawon ne launi da ƙamshi da ɗan baurin inabi suke, don haka ƙananan 'ya'ya suka fi ba da ruwa mai kauri. Inabin da aka dasa a ƙasa mai dausayi a bakin rafi yakan cika kwando, amma ruwansa salam yake.

Tsaunin da ke tare ruwa

Tsakanin teku da kwarin akwai jerin tsaunukan Marão, masu tsayin sama da mita 1,400. Su ne ke tare giza-gizan da ke tasowa daga teku. Birnin Porto na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, amma da zarar an ƙetare tsaunukan, ruwan sai ya riƙa raguwa gwargwadon yadda aka nausa gabas. Wannan ne ya raba yankin gida uku. Baixo Corgo, wanda ke yamma, ya fi laima da sanyi, ya kuma fi yawan amfanin gona. Cima Corgo na tsakiya, kewayen garin Pinhão, shi ne ya fi suna wajen ingancin inabi. Douro Superior, wanda ya dangana da iyakar Sifaniya, ruwansa bai kai rabin na Porto ba, kuma zafin bazararsa kan wuce digiri 40.

Ko a cikin gida ɗaya ma, gona da gona sun bambanta. Duk mita 100 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin rabin digiri ko fiye kaɗan. Fotugal kuma tana arewa da tsakiyar duniya sosai, don haka rana kan karkata kudu: gangaren da ya fuskanci kudu yana wuni cikin rana, wanda ya fuskanci arewa yana samun inuwa. Baƙin dutsen da ke kwance a gindin kurangar yakan riƙe zafin rana ya sake shi da dare. Tasirin duk wannan a kan ɗan inabi a fili yake. Zafi na ƙara masa zaƙi, ya rage masa tsami. Sanyin dare kuwa na tsare tsamin, ya jinkirta nuna. Abin da manomi ke nema shi ne ranar da zaƙi da tsami suka daidaita, kuma wannan rana kan riga zuwa bakin kogi da makonni kafin ta isa kan tudu.

Daga iyaka zuwa maki

Kasuwa ce ta tilasta wa hukuma shiga lamarin. Bayan yarjejeniyar cinikin da Fotugal ta ƙulla da Ingila a 1703, buƙatar giyar Douro ta ƙaru, algus ya biyo baya. Aka riƙa shigo da giyar wasu wurare ana sayarwa da sunan yankin, ana kuma rina mai rauni da ruwan 'ya'yan wata bishiya don ta yi duhu. Masu saye suka farga, farashi ya faɗi. A 1756 babban ministan sarki, wanda daga baya aka sani da Marquês de Pombal, ya kafa kamfanin da zai kula da cinikin, aka shata iyakar yankin, aka kakkafa ginshiƙan dutse 335 don nuna gonakin da suka cancanta. Wasu daga cikinsu suna nan tsaye har yau.

A ƙarshen shekarun 1940 wani masanin aikin gona, Álvaro Moreira da Fonseca, ya tsara ma'aunin da ake aiki da shi har yanzu. Ana duba abubuwa 12 a kowace gona, ciki har da tsayin wuri, irin ƙasa, yawan tsakuwa, tsananin gangare, fuskar gona, kariya daga iska, irin inabi da shekarun kurangar. Kowanne yana da makin da ake ƙarawa ko ake ragewa. Dutsen xisto na jawo ƙari, ƙasar bakin rafi na jawo ragi, gonar da ta yi sama da yawa ita ma ana rage mata. Jimillar ce ke ba gona harafi, wadda ta fi kowa ita ce mai A.

Harafin yana da nauyi domin giyar da ta ɗaukaka sunan yankin, wato Port, ana tsayar da tsimuwarta ne tun zaƙin bai ƙare ba, don haka tana bukatar inabin da ya nuna sarai. Kowace shekara hukumar da ke kula da giyar Douro da Port takan ƙayyade adadin da za a yi, a raba wa gonaki gwargwadon harafinsu. Wannan izini, da ake kira benefício, shi ne jarin ƙaramin manomi, domin inabin da ya shiga cikinsa ya fi saura tsada nesa ba kusa ba.

Ma'aunin da zafi ke girgizawa

An tsara makin ne a zamanin da babban abin tsoro shi ne inabi ya ƙi nuna. Yanzu fargabar ta juya. Bazara ta ƙara zafi, fari ya yawaita, girbi kuma yana ta matsowa da wuri. A gonakin ƙasa masu fuskantar kudu, 'ya'yan kan ƙone ko su yanƙwane kafin ranar yanka, tsaminsu ya zube. Manyan kamfanoni sun koma neman filaye a kan tudu da gangaren arewa, wuraren da tsohon ma'auni ya ba ƙaramin maki, musamman don yin giyar da ba ta da zaƙi, wadda ke bukatar tsami.

Ga kuma kasuwar Port tana ja da baya. An rage adadin benefício daga ganga 104,000 a 2023 zuwa 90,000 a 2024, kowace ganga lita 550. Yawancin manoman yankin masu 'yan ƙananan gonaki ne, a kan gangaren da injin ba ya iya hawa, inda komai sai da hannu. Mai babban jari zai iya sayen sabon fili a sama. Mai kadada ɗaya ko biyu ba shi da inda zai matsa. Shi ya sa duk wata magana ta sake ma'aunin take da zafi, domin ƙara wa wani maki rage wa wani abinci ne.

Wannan tsari na ɗaure sunan kaya da ƙasar da ta haife shi ya iso Afirka. A 2013 ƙungiyar OAPI ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajista, wanda ake nomawa a ƙasar tsohon dutse mai aman wuta, daga baya albasar Galmi ta Nijar ita ma ta samu irin wannan kariya. Abin da Douro ya nuna wa masu bin wannan hanya shi ne rajistar suna matakin farko ne kawai. Sai an san abin da ke cikin ƙasar da ya bambanta kayan, an auna shi, an sa hukumar da za ta hana algus, an kuma bar ƙofar sake awon a buɗe, tun da ruwa da zafin da aka auna jiya suna sauyawa.